14 ga Yuli guda biyu, da abin da 'ya'yanmu ke zuwa koyo a sakandare

Duk ɗalibin da ya yi karatun juyin-juya-halin Faransa ya haddace ranar 14 ga Yuli 1789, ranar da mutanen Paris suka fasa gidan yarin Bastille. Amma akwai wata 14 ga Yulin da ta fi kusa da mu, ta shekarar 1899, wadda abin da ya faru a cikinta ya faru ne a Dankori, a nan ƙasar Tasawa. A ranar ce Kyaftin Voulet ya sa sojojinsa suka harbe Laftanar-Kanar Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta aiko ya dakatar da shi.

Voulet da abokinsa Chanoine sun fito ne daga yamma da nufin isa tafkin Chadi. A hanya sun yi ta ƙona garuruwa da kashe jama'a. A watan Afrilu suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, a watan Mayu suka yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi. Labarin ta'asar ya kai Paris ta wasiƙar da wani hafsansu, Laftanar Péteau, ya rubuta wa budurwarsa. Kwana biyu bayan kisan Klobb, sojojin Afirka da ke cikin rundunar suka juya wa shugabanninsu baya, suka kashe Chanoine ranar 16, Voulet kuma ranar 17, a Maijirgi. Sauran rundunar ba ta koma gida ba. Ta ci gaba, ta ci Damagaram a ƙarshen wannan watan, wani ɓangarenta kuma ya kai har Kusuri, inda aka kashe Rabe a watan Afrilu 1900.

Na kawo wannan labari ne saboda tambayar da iyaye kan yi mana kullum: me yaro zai ci da tarihi, ko adabi, ko yaren wasu? A ganina amsar tana nan a Maijirgi.

Aikin darasin tarihi shi ne ya koya wa yaro tambaya. Wa ya ba da labarin? Me ya sa Faransa ta kira abin haukar mutum biyu, alhali ta riƙe ƙasar da rundunar ta ci? Me ya sa aka san sunayen hafsoshin da suka mutu, ba a san na talakawan da aka kashe ba? Yaron da ya saba da irin waɗannan tambayoyi ba zai haɗiye duk abin da aka turo masa a waya ba.

Adabi kuwa yana nuna yadda al'umma ke tuna abin da ya same ta. A 1980 Abdoulaye Mamani ya wallafa littafinsa Sarraounia, a 1986 Med Hondo ya mayar da shi fim, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Mamani ƙagaggen labari ya rubuta, ya ƙawata abin da ya ga dama. Idan malami ya sa ɗalibai su gwada littafin da abin da ke cikin takardun tarihi, da kuma abin da kakanninsu ke faɗa, sun koyi bambanta shaida da hikaya ba tare da sun raina ko ɗaya ba.

Sai batun harsunan waje. Dokar da aka kafa a watan Maris 2025 ta mayar da Hausa harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Na yi murna da wannan, amma ina jin wasu na cewa tunda haka ne yara su yar da Faransanci. Ban yarda ba. Rahotannin rundunar Voulet da littafin tafiyar Klobb da Faransanci aka rubuta su. Heinrich Barth, wanda ya sauka a Tasawa a watan Janairu 1851 kafin ya wuce Katsina da Kano, da Ingilishi da Jamusanci ya bayyana garinmu. Idan 'ya'yanmu ba su iya karanta waɗannan da kansu ba, kullum sai dai wani ya fassara musu, ya rage abin da ya so. Kuma ranar da za su nemi a amsa laifin abin da aka yi wa kakanninsu, da harshen da ake ji a can za su yi magana.

Shawarata ga malamai ita ce masu koyar da darussan nan uku su haɗa kai ko da sau ɗaya a shekara. Malamin tarihi ya ba da labarin, na Faransanci ya kawo shafi ɗaya daga rubutun zamanin, ɗalibai su fassara shi zuwa Hausa. Maijirgi na bakin babbar hanyar Damagaram, kai aji ɗaya can ba zai gagara ba.

Ku kuma iyaye, jarrabawar BEPC da BAC suna da muhimmanci, kada a yi wasa da su. Amma in akwai tsoho a gida da ya ji labarin zuwan Nasara daga bakin kakansa, ku zaunar da yaran gabansa da biro da takarda tun yana da rai.