Haikalin Brihadisvara na Thanjavur: Tarihin Gininsa

Brihadisvara haikali ne na mabiya addinin Hindu a birnin Thanjavur, jihar Tamil Nadu ta kudancin Indiya, a yankin da kogin Kaveri yake rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Sarki Rajaraja na Ɗaya na daular Chola ne ya gina shi don bautar Shiva, aka kammala a shekarar 1010. Sunan da shi kansa sarkin ya raɗa masa shi ne Rajarajeshvaram. Brihadisvara suna ne da ya zo daga baya, mutanen gari kuwa Periya Kovil suke ce masa, wato babban haikali. Tsayin hasumiyarsa ya haura mita 60, kuma a ranar da aka gama ta babu wani haikali a kudancin Indiya da ya kama ƙafarta. Har gobe ana ibada a cikinsa.

Sarkin da dukiyarsa

Gidan Chola ya karɓi Thanjavur a tsakiyar ƙarni na 9, a zamanin Vijayalaya. Sarakunan da suka biyo baya sun gina haikalai da yawa a gaɓar Kaveri, wasu ma tsofaffin na bulo ne aka rushe aka mayar na dutse, amma duk ƙanana ne, irin waɗanda gari guda zai iya ɗaukar nauyinsu. Rajaraja ya hau gado a shekarar 985, ya yi mulki har 1014. Ya ci ƙasashen Pandya da Chera da yaƙi, ya ƙetare teku ya mamaye arewacin Siri Lanka, daga baya jiragensa suka kai tsibiran Maldibs. Rubutun da ke jikin haikalin bai ɓoye ba cewa wani kaso na zinariya da azurfar da sarkin ya bayar ganima ce daga waɗannan yaƙe-yaƙe. Masana galibi suna sa farkon aikin a wajen shekarar 1003. Ƙarshensa kuwa rubutun ya faɗe shi dalla-dalla: a rana ta 275 ta shekara ta 25 ta sarautarsa, Rajaraja ya miƙa tulun jan ƙarfe da za a ɗora a ƙololuwar hasumiya.

Fasali

Farfajiyar haikalin tana da tsawon kusan mita 240 da faɗin kusan mita 120, kuma tana fuskantar gabas. Mai shiga zai bi ta ƙofofi biyu masu soro, Keralantakan da Rajarajan. Ta farko laƙabin sarkin take ɗauke da shi na cin ƙasar Chera. Katangar da ta kewaye farfajiyar, da dogon shirayi mai ginshiƙai a cikinta, sarkin yaƙinsa Krishnan Raman ne ya gina ta bisa umarninsa. An kuma adana sunan sarkin maginan, Kunjara Mallan Rajaraja Perunthachan.

Komai a kan miƙaƙƙen layi ɗaya yake tafiya daga gabas zuwa yamma: ƙofa, rumfar bijimi mai suna Nandi wanda shi ne abin hawan Shiva, zauruka masu ginshiƙai, sai ɗakin da ake kira garbhagriha, inda aka kafa linga, dogon dutsen da ke wakiltar Shiva, ɗaya daga cikin mafiya girma a Indiya. A kan wannan ɗaki hasumiyar da ake kira vimana ta tashi. A nan fasalin Thanjavur ya bambanta da na haikalan da aka gina a ƙarnukan baya-baya, irin na Madurai, inda soron ƙofa ne yake yin tsiri, ɗakin tsakiya ya zama ɗan ƙarami a ɓoye. A Thanjavur ƙofofin ne gajeru, ido kuma ba ya tsayawa sai a kan hasumiyar.

Gindin hasumiyar murabba'i ne, kowane gefe kusan mita 30. Bango ya miƙe tsaye hawa biyu, daga nan sai hawa 13 da suke tsukewa a hankali har zuwa ƙubbar da ke sama. Cikinta fanko ne. Maginan ba su yi amfani da baka ba. Kowane jerin duwatsu sai ya ɗan shigo ciki fiye da na ƙasansa, har bakin ya tsuke aka rufe shi. An sassaƙa duwatsun yadda za su cije juna, nauyinsu ne kuma yake riƙe su. Dabarar da ta fi burge masana gini tana ƙasa, inda mai yawon buɗe ido ba ya lura: bango biyu ne suka kewaye ɗakin linga, na ciki da na waje, da siririn lungu a tsakani. Suna tashi suna matsowa kusa da juna har suka haɗe a sama suka zama kakkauran dandamali guda, a kansa aka ɗora hawa goma sha ukun nan. Da bango ɗaya ne, da sai an yi shi da kaurin da zai cinye ɗakin.

Dutse da almara

An yi ginin da giranit, dutse mai taurin gaske da ke cin guduma da kurfi. Thanjavur kuwa ƙasar laka ce da gonakin shinkafa, babu irin wannan dutse a kusa, don haka sai da aka jawo shi daga wurare masu nisan kilomita da dama. Rubutun da ke jikin bango, duk da yawansa, bai ce uffan ba game da yadda aka jawo duwatsun ko aka ɗaga su. Wannan giɓi shi almara ta cike. Ana cewa ƙubbar dutse ɗaya ce tak mai nauyin tan 80, kuma giwaye ne suka ja ta a kan wani gangaren ƙasa da aka tara tun daga wani ƙauye mai nisan kilomita 6. Batun tara ƙasa a yi gangare abu ne da hankali zai ɗauka, domin da shi aka saba ɗaga manyan duwatsu a zamanin da. Amma masanan da suka duba ƙubbar sun ce gutsattsari ne aka haɗa. Haka kuma zancen da masu yi wa baƙi jagora suke so, wai inuwar hasumiyar ba ta taɓa faɗuwa ƙasa, duk wanda ya tsaya a farfajiyar da hantsi zai ga ba haka ba ne. Ginin bai buƙaci a yi masa ƙarin gishiri ba.

A lungun da ke hawa na biyu an fara sassaƙa Shiva yana nuna salon rawa 108 da tsohon littafin Natya Shastra ya lissafa. An gama 81, sauran duwatsun suna nan a goge ba a taɓa su ba. A lungun ƙasa kuma akwai zane-zanen bango na zamanin Chola, waɗanda sarakunan Nayak suka sa aka shafe da nasu zanen, ƙarnuka bayan haka. A shekarar 1931 wani malamin tarihi na Jami'ar Annamalai, S. K. Govindaswami, ya hango tsohon zanen ta inda na sama ya ɓare. Daga baya hukumar adana kayan tarihi ta Indiya ta ɗaye sashen zanen Nayak a tsanake, ta ajiye shi daban.

Bango mai lissafi

Ga mai nazarin tarihi, abin da ya fi hasumiyar daraja shi ne rubutun harshen Tamil da ya zagaye gindin ginin. Rajaraja ya ba da umarni a sassaƙa a dutse duk abin da shi da yayarsa Kundavai da matansa da sauran jama'a suka bayar. Aka bi abin filla-filla: nauyin kowane kwanon zinariya, yawan lu'ulu'un da ke jikin kowane abin wuya, awon kowane mutum-mutumin tagulla. An lissafa ƙauyukan da za su riƙa kawo shinkafa, har da wasu na Siri Lanka. An rubuta sunayen ma'aikata sama da 600. A cikinsu akwai mata masu rawa 400 da aka kwaso daga haikalan garuruwa daban-daban, kowace da sunanta, da garinsu, da gidan da aka ba ta a titunan da ke maƙwabtaka da haikalin, da rabonta na shinkafa a shekara. Sauran sun haɗa da makaɗa, mawaƙa, malaman rawa, akawu, masu gadi, teloli, masu wanki, wanzamai da maginan tukwane.

Tsarin fitilu kaɗai ya isa ya nuna irin tunanin da aka yi. Don fitila ɗaya ta riƙa ci kullum, sai a damƙa wa makiyayi tumaki 96 ko shanu 48, shi kuma ya riƙa kawo wani ƙayyadadden awo na mai kowace rana. Kamar dai yadda ake ba Bafulatani kiwo a wajenmu, sai dai a nan sharaɗin shi ne adadin garken ba zai taɓa raguwa ba: wadda ta mutu, 'ya'yan garken su maye gurbinta. Kuɗin da aka bayar kuma ba a bar su kwance ba. Ana ranta wa majalisun ƙauyuka, su biya ruwa kashi 12.5 cikin ɗari a shekara, da wannan ruwa ake sayen kayan hidimar yau da kullum. Ta haka manomi da makiyayin da ke can nesa suka sami kansu ɗaure da haikalin sarki ta hanyar bashi da alkawari. Mai karanta bangon zai ga ibada, zai kuma ga gwamnati tana ɗaure ƙasarta da fadarta. Wani masani Bajamushe, Eugen Hultzsch, shi ya fara buga waɗannan rubuce-rubuce a ƙarshen ƙarni na 19, a lokacin da labaran baka suke jingina ginin ga wasu sarakuna daban.

Bayan Rajaraja

Thanjavur ba ta daɗe tana cin gajiyar haikalin a matsayin babban birni ba. Ɗan Rajaraja, Rajendra na Ɗaya, ya kafa sabuwar fada a Gangaikonda Cholapuram, ya gina wani haikali mai irin wannan fasali, wanda aka kammala wajen 1035, hasumiyarsa ba ta kai ta mahaifinsa tsayi ba. Daulolin da suka gaji Chola kowace ta ƙara nata a farfajiyar. Pandya sun gina ɗakin bautar matar Shiva a ƙarni na 13. Nayak sun ƙara ɗakin bautar Subrahmanya mai sassaƙa ƙanana-ƙanana, da ƙaton Nandi na dutse guda mai tsawon kusan mita 6, da ganuwar da ta kewaye wurin. Sarakunan Maratha, waɗanda suka karɓi birnin a shekarun 1670, sun yi gyare-gyare, musamman Serfoji na Biyu, wanda ya sa aka sassaƙa tarihin gidansu da harshen Marathi a jikin bango.

Hukumar UNESCO ta sa haikalin cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1987, a 2004 kuma ta haɗa shi da na Gangaikonda Cholapuram da na Airavatesvara da ke Darasuram. Kula da ginin yana hannun hukumar adana kayan tarihi, harkokin ibada kuwa zuriyar sarakunan Maratha suna da hannu a ciki har yanzu. A watan Yunin 1997 gobara ta tashi a rumfar da aka kafa don bikin sake tsarkake haikalin, mutane da dama suka mutu. A Satumban 2010 aka yi bikin cikarsa shekara 1000, masu rawar Bharatanatyam 1000 suka taka tare a farfajiyar, gwamnati ta buga kwabon rupi 5 na tunawa. Da za a sake bikin tsarkakewar a Fabrairun 2020, gardama ta kaure kan harshen da za a yi addu'o'in da shi, Tamil ko Sanskrit. Maganar ta kai gaban babbar kotun Madras, aka tsaya a kan a yi da harsunan biyu.