Kujerar Watanabe da allura shida: tarihin sikanin furostet

1/ Sau da yawa za ku ji dattijo ya ce, "Ai an min sikanin, ba a ga komai ba." In maganar kansar furostet ake, wannan bai isa a saki jiki ba. Ku biyo ni tarihi ku ji dalili.

2/ Furostet ɗan nama ne a ƙarƙashin mafitsarar namiji, kuma ta dubura aka fi kusa da shi. A 1967 wani likitan Japan, Hiroki Watanabe, ya fara samun hotonsa mai amfani ta wannan hanya. Daga baya har kujera ya ƙera, na'urar na tsaye a tsakiyarta, majiyyaci ya zauna a kai. Eh, yadda kuke tunanin nan.

3/ Likitoci suka ɗauka duk tabon da ya yi duhu a hoto kansa ce. Ashe wani kumburi ne kawai. Wata kansar kuma ta saje da lafiyayyen nama, sam ba ta fitowa.

4/ A 1989 Hodge da Stamey na Jami'ar Stanford a Amurka suka nuna cewa tsakuro nama daga wurare 6 a jere ya fi kama cutar a kan bin tabo. Tun daga nan sikanin ya koma ɗan jagoran allura. Shidan nan ma daga baya ta zama 12.

5/ MRI ya karɓe aikin gani, musamman bayan binciken PRECISION na 2018.

6/ Amma a 2025 binciken OPTIMUM ya nuna sabon sikanin mai ƙarfin 29 MHz bai gaza MRI ba wajen nuna inda za a soka allurar.