Fentin ruwa na zane: abin da mai koyo ya kamata ya sani

Da farko a bambanta, don kada a je kasuwa a sayo abin da ba shi ba. In ka ce fentin ruwa a shagon kayan gini, bokitin fentin bango za su miƙo maka. Wanda muke magana a kai shi ne na zane a takarda, wanda ake sayarwa a shagunan kayan makaranta, ko dai a ƙwaya-ƙwaya cikin ɗan akwati ko a matse cikin tub kamar man goge baki. A Legas ko Ibadan ka ce wotakala, nan take za su gane.

Garin launi ne aka kwaɓa da ƙaro. E, ƙaron nan dai da malamai ke sa wa tawadar allo, wanda ake tsinka a Yobe da Borno da Jigawa, Sudan kuma ta fi kowa fitar da shi. Shi ke riƙe launin a jikin takarda bayan ruwa ya bushe. Sana'ar tsohuwa ce a Turai: a 1502 Albrecht Dürer na Jamus ya zana zomonsa da ya shahara, Turner na Ingila kuma ya yi suna da ita ƙarni uku bayan nan.

Kuɗinka ya fi amfani a takarda. Takardar littafin rubutu ko ta fotokofi tana shan ruwa ta kumbura ta yi tudu da kwari, yaro ya ɗauka hannunsa ne bai iya ba, ya bar abin. A nemi mai kauri, giram 300, za ka ga an rubuta a jikin bangon. A manne gefunanta huɗu a kan katako da tef ɗin takarda. Buroshi biyu sun isa, babba da ƙarami, masu tsinin baki. Sai farin faranti na kwaɓi, tsumma, da kofin ruwa biyu, ɗaya na wanke buroshi ɗaya mai tsabta. Launi kuwa ja da rawaya da shuɗi sun wadatar: shuɗi da rawaya su ba ka kore, ja da rawaya ruwan lemo, ukun gaba ɗaya ruwan ƙasa.

Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ana farawa da mai haske a ƙare da mai duhu, domin wannan fenti ba ya rufe na ƙasansa, ana hango shi. Farin da ke cikin zane kuma takardar ce kanta aka bari. Ɗauki misalin bunaji. Ka fitar da siffarta da fensir a hankali, ka zuba launin ƙasa da na sama a kewayenta, jikinta ka ƙyale. Sai ka tsarma shuɗi da ɗan ruwan ƙasa sosai ka sa inuwa a ƙarƙashin ciki da bayan tozo. Baƙin kunne da hanci da bakin wutsiya su ne na ƙarshe. Wanda ba ya son zana mai rai, farar hasumiyar masallaci ma haka ake yi mata.

In ka jiƙa takarda da ruwa zalla sannan ka ɗiga launi, zai bazu da kansa ba tare da kaifin gefe ba, wannan shi ne na hadari da hazo. In takardar a bushe take, layi zai tsaya inda ka ajiye shi. Don shimfiɗa launi ɗaya bai ɗaya, a ɗan jingina katakon, a ja buroshi daga hagu zuwa dama ana gangarowa, kowane ja yana ɗauko ruwan da ya taru a ƙasan na baya. Buroshin da aka matse a tsumma yana ba da ciyawa da ɓawon itace. Inda launi ya yi yawa, a dangwala tishu tun yana ɗanye, zai ɗauke. A tuna kuma yana dusashewa in ya bushe, to a ɗan ƙara masa ƙarfi.

Mu da ke kudu muna da tamu matsalar, wato laima. Abin da zai bushe nan da nan a hunturun Kano, a damina a Agege ko Fatakwal sai ka yi ta jira. Kar ka ɗora launi na biyu sai ka taɓa da bayan yatsa ka ji takardar ba sanyi, in ba haka ba su cakuɗe su koma kamar taɓo. Fanka tana taimakawa. Bayan an gama a bar akwatin fentin a buɗe ya sha iska kafin a rufe, don fumfuna na kama shi, buroshi kuma a wanke a kwantar, kar a bar shi tsaye cikin kofi bakinsa ya lanƙwashe.