Daga Tashar Malam Madori Zuwa Filin Jirgin Dutse

Lokacin da layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, bai ratsa birnin Haɗejia ba, ta Malam Madori ya bi. Ba a jima ba garin ya zama matattarar gyaɗa, domin amfanin gonar masarautar ya sami hanyar zuwa Legas.

A Oktoban 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe filin jirgin saman Dutse, wanda gwamnatin Sule Lamido ta gina. Maniyyatan Jigawa sun huta da zuwa Kano. Sai dai shinkafa da kifin fadamar Haɗejia har gobe a mota suke fita. Jirgin ƙasa ya raya Malam Madori saboda ya ɗauki abin da manomi ya noma. Filin Dutse bai kai ga wannan ba tukuna.