Biwaichi

Biwaichi hanya ce ta masu keke wadda ta zagaye Tafkin Biwa da ke lardin Shiga a ƙasar Japan. Tsawonta ya kai kusan kilomita 200 idan aka zagaye tafkin gaba ɗaya. A watan Nuwamba na shekarar 2019 gwamnatin Japan ta sanya ta cikin hanyoyi uku na farko da aka ba wa matsayin hanyar keke ta ƙasa, tare da Shimanami Kaido da kuma hanyar Tsukuba-Kasumigaura. An fi saninta da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da ƙarancin motoci, sai dai wannan shirun bai game dukkan zagayen ba: arewacin tafkin ne ke da shi sosai, yayin da wasu sassan yamma da kudu ke cike da zirga-zirga.

Asalin suna

Sunan ya samo asali ne daga taƙaita jimlar Japananci Biwako isshu, wato zagaye Tafkin Biwa sau ɗaya. An ɗauki Biwa aka haɗa da ichi, kalmar da ke nufin ɗaya. Masu keke a Japan suna bin wannan tsari wajen raɗa wa wasu zagaye suna, kamar Awaichi na tsibirin Awaji da Hamaichi na Tafkin Hamana. Shi kuwa sunan tafkin, bayanin da aka fi yarda da shi shi ne cewa siffarsa ta yi kama da biwa, wani abin kiɗa mai tsirkiya da ke da faɗin ciki da siririn wuya.

Tafkin

Tafkin Biwa shi ne tafki mafi girma a Japan, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 670, kuma wurin da ya fi zurfi ya ɗan haura mita 100. Yana arewa maso gabas da birnin Kyoto. Koguna da yawa suna zuba a cikinsa, amma kogin Seta ne kaɗai mafitarsa ta asali. Daga gare shi mutane fiye da miliyan 14 na yankin Kansai suke samun ruwan sha. An sanya shi cikin jerin dausayoyin Yarjejeniyar Ramsar a 1993.

Gadar Biwako Ohashi, mai tsawon kimanin kilomita 1.4 wadda aka buɗe a 1964, ta ratsa wurin da tafkin ya fi tsukewa, tsakanin Moriyama da unguwar Katata ta birnin Otsu. Ita ce ta raba shi gida biyu, babban tafkin arewa da ƙaramin na kudu. Masu keke da yawa suna tsallake gadar su zagaye ɓangaren arewa kaɗai, tafiyar da ba ta wuce kimanin kilomita 150 ba, kuma ta haka suke kauce wa cunkoson Otsu.

Alkiblar tafiya

Ana shawartar mahaya su bi zagayen saɓanin yadda hannun agogo yake juyawa. Dalili kuwa shi ne a Japan ana tuƙi ne ta hannun hagu, kuma keke ma dole ya bi gefen hagu na titi. Wanda ya tashi daga kudu ya bi gaɓar gabas zuwa arewa, tafkin zai kasance a hagunsa har ya dawo. Ke nan yana kusa da ruwa, ba layin motoci tsakaninsa da shi, kuma mahaɗar tituna da zai tsallaka kaɗan ce, tun da a gefen ruwa ba a cika samun titin da ke shigowa ba. An zana shuɗin layi da kibiyoyi a kan kwalta domin nuna hanya. A wasu wurare hanyar ta rabu biyu, ɗaya ta masu tafiya a hankali da ke bin gefen masu ƙafa, ɗaya kuma ta ƙwararru da ke kan titin mota.

Gaɓar gabas

Bisa al'ada ana fara lissafi daga tsohuwar gadar Seta no Karahashi a Otsu. Daga nan hanyar tana bin titin gaɓa da ake kira Sazanami Kaido ta wuce Kusatsu da Moriyama da Omihachiman har Hikone, inda akwai fadar da aka gina a farkon ƙarni na 17 wadda har yanzu ainihin hasumiyarta take tsaye. Ƙasar nan shimfiɗe take, gonakin shinkafa a dama, ruwa a hagu. Titin yana da motoci masu gudu, amma a mafi yawan tsawonsa akwai faffaɗar hanya a gefe. A cikin ruwa ana ganin layukan sanduna masu siffar kibiya, waɗanda su ne eri, tarkon kifi na gargajiya na masuntan tafkin.

Arewa

Bayan garin Nagahama ne hanyar take sauya kama. Gidaje suna raguwa, duwatsu suna matsowa har bakin ruwa, tsibirin Chikubu kuma yana bayyana daga nesa. Wannan yanki, da ake kira Oku-Biwako, shi ne mafi shiru a duk zagayen, kuma nan ne kaɗai ake da hawa da gangara da za a ambata. A kusa da Dutsen Shizugatake, inda aka gwabza sanannen yaƙi a 1583, babban titi mai lamba 8 yana shiga wani rami da aka haƙa cikin dutse wanda manyan motoci ke bi. Don haka ake karkatar da masu keke zuwa tsohon titi da ya hau sama ya ratsa tsohon rami. Hawan gajere ne, kuma daga bakin ramin ana hango kogin ruwan arewa duka. Tilas keke ya kasance da fitila a gaba da baya a irin waɗannan ramuka, ko da rana tsaka.

Daga Oura zuwa Kaizu titin siriri ne, yana lanƙwasa tare da gaɓa ƙarƙashin itatuwan sakura kimanin 800 na Kaizu-Osaki. Mafi yawan shekara mota ɗai-ɗai ce ke wucewa. Banda tsakiyar Afrilu: idan itatuwan suka yi fure, masu kallo sukan cika titin har a taƙaita zirga-zirga, wurin da ya fi ko'ina shiru ya koma wanda ya fi cunkoso. Wanda yake da lokaci yakan ratse zuwa ƙauyen Sugaura da ke can ƙarshen wani zirin ƙasa, ko zuwa Makino, inda itatuwan metasekoya kimanin 500 suka jeru a gefen titi tsawon kilomita 2.4. Shaguna ba su da yawa a arewa, saboda haka ana sayen ruwa da abinci tun daga Nagahama ko Kinomoto.

Gaɓar yamma

A Takashima hanyar tana ratsa ƙauyuka da dogayen layukan itatuwan fayin a bakin yashi. Kudu da nan ne matsalar take. Wajen wurin bauta na Shirahige, mai jar ƙofa da ke tsaye cikin ruwa, dutse da tafki sun matse juna har babu wurin da ya rage sai na titi mai lamba 161, wanda manyan motocin kaya da ke zirga-zirga tsakanin Kyoto da Tsuruga suke bi. Titin ya raba wurin bautar da ƙofar, kuma an hana masu ziyara tsallaka shi don ɗaukar hoto. Wannan shi ne sashen da ya fi bukatar hattara. Daga Katata zuwa tsakiyar Otsu kuma gari ne ya haɗe, da danjoji da cunkoso.

Lokaci da shiri

Ƙwararru suna gama zagayen a rana ɗaya, amma kwana biyu ko uku ne aka fi yi. Watannin Afrilu da Mayu, sai Oktoba da Nuwamba, su ne suka fi dacewa. Daga Yuni zuwa tsakiyar Yuli damina ce, Agusta akwai zafi da gumi, lokacin sanyi kuma dusar ƙanƙara takan rufe arewa. A ƙarshen sanyi wata iska mai ƙarfi da ake kira Hira-oroshi takan sauko daga duwatsun Hira ta bugi gaɓar yamma.

Ana samun hayar keke a tashar jirgin ƙasa ta Maibara, inda jirgin Shinkansen yake tsayawa. Layukan jirgin JR sun bi gaɓa biyun, don haka wanda ya gaji zai iya katse tafiya, da sharaɗin ya kwance keken ya sa shi cikin jaka. Kamfanin Ohmi Railway da ke gabas yana barin a shiga da keke yadda yake a wasu sa'o'i. Lardin Shiga ya wajabta wa masu keke inshora tun 2016, kuma tun Afrilun 2023 dokar Japan ta bukaci kowane mahayi ya yi ƙoƙarin sa hular kwano, ko da yake babu tara ga wanda bai sa ba.