Darussan Sana'a a Makarantun Sakandaren Nijeriya: Nazarin Giɓin da ke Tsakanin Aji da Shago

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yunƙurin da Nijeriya ta yi na shigar da koyon sana'a cikin karatun sakandare, tun daga Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 zuwa sabuwar manhajar 2025. An dogara ne ga takardun manufofin gwamnati, da dokokin da suka kafa hukumomin ilimi, da binciken masana a kan ƙasashe masu tasowa. Abin da nazarin ya gano shi ne, kusan duk gyaran da aka yi ya tsaya a kan jerin darussa, alhali abubuwan da ke haifar da gwaninta, wato isasshen lokaci da kayan aiki da ƙwararren mai koyarwa da jarrabawar aikin hannu, suna shagunan masu sana'a, inda makaranta ba ta leƙawa. Maƙalar ta kawo hujjar cewa haɗa makaranta da shago a ƙarƙashin yarjejeniya ya fi sake fasalin manhaja amfani.

1.0 Gabatarwa

A biranen Arewa ana samun matasa iri biyu masu shekaru ɗaya. Akwai wanda ya gama babbar sakandare da sakamako mai kyau a darasin sana'a, amma ba za a damƙa masa injin walda a juya baya ba. Akwai kuma yaron gareji wanda zai sauke giyar mota ya mayar da ita, amma ba shi da takardar da zai nuna wa kamfani ko hukuma. Tambayar da wannan nazari ya sa a gaba ita ce, me ya sa bayan shekaru kusan hamsin ana tsara manufofi har yanzu waɗannan biyu ba su zama mutum ɗaya ba?

Kalmar ilimin sana'a a nan ta ƙunshi abu biyu: darussan sana'a da ake koyarwa a sakandare ta gama-gari, da kwalejojin fasaha masu ɗaukar ɗalibi bayan ƙaramar sakandare su horar da shi shekara uku. Ba a taɓo manyan kwalejojin kimiyya da fasaha ba sai inda magana ta tilasta.

2.0 Waiwaye

Tunanin ba sabo ba ne. Makarantar da Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'in hannu. Takardar manufar ilimi da gwamnatin Ingila ta fitar a 1925 don yankunan da take mulka a Afirka ita ma ta nemi a daidaita karatu da rayuwar jama'a da sana'o'insu. Sai dai iyaye sun lura da wuri cewa wanda ya iya rubutu da lissafi shi ke zama akawu ko malamin ofis, shi ke ɗaukar albashi mai tsoka, don haka can suka karkata.

Bayan 'yancin kai, taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969 ya share fagen Manufar Ilimi ta 1977, wadda ta haifi tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982. Ruhin tsarin shi ne ɗalibi ya ɗanɗana aikin katako da na ƙarfe da na lantarki da zanen fasaha a ƙaramar sakandare, sannan a raba ɗalibai bisa ga baiwarsu. Bugun manufar na 2004 ya ma ƙayyade rabon: kashi 60 cikin ɗari su wuce babbar sakandare, kashi 20 kwalejin fasaha, kashi 10 cibiyoyin koyon sana'a, kashi 10 kuma koyon aiki a hannun masu sana'a. An shigo da injuna daga ƙasashen gabashin Turai aka rarraba wa makarantu. Da yawa daga cikinsu sun ƙare a cikin akwatunan da suka zo, domin babu ɗakin da za a kafa su, babu wuta, babu malamin da ya san kansu.

An kafa hukumomi ma. NBTE, mai hedikwata a Kaduna, ta zo a 1977 don tsara manhaja da tantance makarantun fasaha. NABTEB, mai hedikwata a Benin, ta zo a 1992 ta karɓi jarrabawar sana'o'i da a da ake yi a ƙarƙashin hukumomin Ingila. A 2011 hukumar NERDC, mai tsara manhajar makarantu, ta shigar da darussan sana'a 34 a babbar sakandare, aka wajabta wa kowane ɗalibi ɗaukar guda, WAEC kuma ta fara jarraba su a 2014. A 2025 aka sanar da rage su zuwa shida: haɗa wutar sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu da amfanin gona.

3.0 Mahangar nazari

Philip Foster, a wata maƙala da ya wallafa a 1965 bisa bincikensa a Gana, ya yi jayayya da masu ganin cewa canza manhaja zai canza burin ɗalibai. A ganinsa yara da iyayensu kasuwar aiki suke kallo, kuma muddin karatun boko zalla ne ke kai mutum ga albashi da daraja, shi ne a wurinsu sana'a ta gaskiya. Shekara ashirin bayan haka Psacharopoulos da Loxley (1985) suka nazarci sakandaren da aka gauraya da darussan sana'a a Kolombiya da Tanzaniya, suka ga sun fi tsada, amma fifikon da ɗalibansu suka samu a kasuwar aiki bai taka kara ya karya ba. Irin wannan sakamako ne ya sa Bankin Duniya, a takardar manufarsa ta 1991, ya karkata ga ƙarfafa ilimin gama-gari da barin horon sana'a kusa da masu ɗaukar aiki.

Hujjar Foster tana da ƙarfi a Nijeriya, inda bambancin da ake nunawa tsakanin mai babbar difloma da mai digiri a aikin gwamnati ya daɗe yana koya wa iyaye cewa hanyar fasaha gajera ce. A ƙasar Hausa akwai ƙarin nauyi na al'ada. M. G. Smith (1959) ya nuna yadda sana'ar mutum, musamman ta gado, ke yanke masa matsayi a cikin al'umma, kuma ƙira da jima da fawa ba su cikin na sama. Amma wannan maƙala ba ta bi Foster har ƙarshe ba. Ya yi rubutu a zamanin da takardar sakandare ke samar da aikin ofis. Tun daga tsuke bakin aljihu na 1986 wannan ƙofa ta ƙuntata, masaƙun Kakuri a Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya, masana'antu da yawa a Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano suka durƙushe. Yau ba abin mamaki ba ne a ga mai digiri ya durƙusa gaban mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano yana koyo. Ke nan ƙyamar sana'a ta ragu. Abin da bai canza ba shi ne ikon makaranta na koyar da ita.

4.0 Abin da ke hana aji haifar da gwani

4.1 Lokaci

Wannan shi ne abin da masu tsara manhaja suka fi kawar da kai daga gare shi. Mu ɗauka, don lissafi kawai, makaranta ta ware wa darasin sana'a zama huɗu a mako, kowane minti 40, na tsawon mako 36 a shekara. Wannan ya ba da awa 96 a shekara, awa 288 a shekara uku. Yaron shago mai aikin awa takwas a rana, kwana shida a mako, zai cike wannan adadi cikin mako shida. Kuma a cikin awowin makarantar har da kiran suna da kwafar rubutu daga allo da bitar jarrabawa. Babu tela ko bakanike da zai yaye yaro bayan mako shida, domin a wannan lokaci yaron bai gama sanin sunayen kayan aiki ba. Rage darussa daga 34 zuwa shida mataki ne mai ma'ana ta fuskar samar da malamai da littattafai, amma bai ƙara wa ɗalibi ko awa ɗaya a gaban injin ba.

4.2 Kuɗi

An saba cewa matsalar rashin kayan aiki ce, sai a sayo injuna a ɗauki hoto. Amma abin da ke kashe ɗakin koyon aiki shi ne kayan da ke ƙarewa kullum: katako, ƙusa, sandunan walda, yadi da zare, waya, siminti, da man janareta. Mai koyo ɓarna yake yi kafin ya iya, kuma dole wani ya biya kuɗin ɓarnar. Shago yana biya daga aljihun mai kawo aiki. Makaranta ba ta da mai kawo aiki, sai kasafin da ba ya zuwa a kan lokaci.

Akwai kuma giɓi a tsarin tallafin tarayya wanda ya cancanci a yi masa nazari na musamman. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don ilimin bai-ɗaya, wanda ya tsaya a ƙaramar sakandare. Asusun harajin ilimi da aka kafa a 1993, wanda a da yake taɓa kowane mataki, an mayar da shi TETFund a 2011 ya koma na manyan makarantu kaɗai. Shirin SIWES na hukumar ITF, mai tura ɗalibai masana'antu tun 1973, shi ma na manyan makarantu ne. Sai ya zamana babbar sakandare da kwalejin fasaha, matakin da ya fi kowane tsadar koyarwa idan sana'a ake nufi, shi ne aka bari a hannun jihohi ba tare da wani asusu tsayayye ba. Dokar hukumar kula da manyan sakandare ta 2023 ta zo ne don toshe wannan giɓi, kuma a kan yawan kuɗin da ya isa ɗakin koyon aiki ya kamata a auna ta.

4.3 Malami da jarrabawa

Kwalejojin horon malaman fasaha na tarayya, irin na Bichi da Gombe da Potiskum da ta mata da ke Gusau, suna yaye malamai. Sai dai gwanin walda ko na lantarki yakan samu a kasuwa fiye da abin da aji zai ba shi, wanda ya zauna kuwa sau da yawa shi ma a allo ya koya. A makarantu da dama malamin wani fanni ake ɗora wa darasin sana'a, a ƙarƙashin manhajar 2011 kuma shugaban makaranta yakan zaɓi sana'ar da ba ta bukatar injin, kamar kasuwanci ko sarrafa bayanai. Ba laifinsa ba ne, abin da jarrabawa ke sakawa a kai yake bi. Muddin za a ci darasi ta hanyar bayyana yadda ake aiki a takarda, haddar bayanin za a koyar.

5.0 Shago a matsayin abokin tarayya

Horon sana'a mafi girma a Arewa yana gudana ne a wajen makaranta: a Panteka ta Kaduna, a Ƙofar Ruwa da Ƙofar Wambai a Kano, a garejoji da shagunan ɗinki na kowace unguwa, da cikin gidaje inda mata ke koya wa 'yan mata saƙa da ɗinki da haɗa turare. Uba ya kai ɗansa wurin maigida, yaro ya fara da aike da shara da miƙo sifana, a hankali a sakar masa ƙaramin aiki, har ranar yaye. Tsarin yana da lokaci, yana da kayan aiki, yana da mai kawo aiki wanda ba ya karɓar aikin banza.

Bai kamata a yi masa ado ba. Maigida abin da ya iya kawai yake koyarwa, har da kurakuransa. Bakanike da ya ƙware a tsofaffin injuna yakan tsaya cak gaban motar da sai an sa mata kwamfuta kafin a gane ciwonta. Ba a damu da tabarau na walda ko takalmin kariya ba. Babu ƙayyadadden wa'adi, don haka wani yaron yakan shekara da shekaru yana aiki kyauta. Mafi muni, yaro yakan bar karatu gaba ɗaya, ya tashi bai iya karanta zanen gini ko rubuta kiyasin kuɗin aiki ba. Waɗannan kuwa su ne ainihin abubuwan da makaranta ta iya koyarwa da araha: lissafin awo, karatun zane, ka'idar lantarki, kiyaye lafiya, da riƙe littafin ciniki.

Jamus ake yawan kawowa misali, inda dokar 1969 ta tsara cewa mai koyo ya yi yawancin mako a kamfani, kwana ɗaya ko biyu a makaranta, da kwantaragi da alawus, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu sana'a kuma su shirya jarrabawar ƙarshe. Ba za a kwafo wannan dungurungum ba, domin kamfanonin da ke ɗauke da shi can babu irinsu a nan. Abin ɗauka shi ne rabon aikin da rubuta shi a doka. Kuma tubalan ginin suna nan a warwatse. Dokar ƙwadago ta san kwantaragin koyon sana'a. Ma'aikatar ƙwadago tana da gwajin sana'a mai mataki uku. Hukumar samar da ayyukan yi ta NDE ta gwada tura matasa wurin masu sana'a tun 1987. Tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa da NBTE ke kula da shi ya ba da damar a gwada wanda ya koya a shago a ba shi takarda, kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta riga ta ƙulla hulɗa da masu sana'ar Panteka. Ƙungiyoyin makanikai da teloli da masu walda suna da shugabanni da rajistar mambobi, waɗanda za a iya zama da su.

Abin da ya rage shi ne a sauko da wannan zuwa ɗalibin sakandare. Jiha ɗaya za ta iya gwadawa da kwalejojin fasaharta: a tantance shaguna tare da ƙungiyoyinsu, a ba maigida ɗan horo da ladan koyarwa, ɗalibi ya yi kwana biyu ko uku a shago da littafin da ake sa hannu a kan kowane aiki da ya kammala, a jarrabawar ƙarshe kuma ya ƙera abu a gaban malami da wani maigida da ba nasa ba. Ga 'yan mata, dole a fara da shagunan mata da ke kusa da gida, in ba haka ba iyaye ba za su saki ba. Kafin a faɗaɗa, a bi sawun rukunin farko na shekara biyu ko uku bayan yaye, a kwatanta su da takwarorinsu na aji zalla da na shago zalla: nawa ke aikin da suka koya, nawa suke samu, nawa suka ci gaba da karatu, kuma nawa aka kashe a kan kowane ɗaya.