3.4 Jirgin Sama a Idon Mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda ra'ayin jama'ar yammacin Zamfara game da jirgin sama ya yi ta sauyawa. Abin lura tun farko shi ne, mafi yawan mutanen wannan yanki manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa waɗanda ba su taɓa shiga jirgi ba. Saboda haka ra'ayinsu ya ginu ne a kan abubuwa biyu, wato labarin da alhazai ke kawowa, da kuma abin da suke gani yana wucewa bisa kansu.

Ita kanta kalmar "jirgi" ta girmi jirgin sama a bakin Bahaushe, domin da ita ake kiran kwalekwalen da masu fito ke ƙetarar da mutane a Gulbin Zamfara. Jirgin sama ya fara sauka a ƙasar Hausa ne ranar 1 ga Nuwamba, 1925, lokacin da jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano. A wancan zamani abin na Turawa ne zalla, bai shafi talakan Anka da komai ba.

Aikin hajji ne ya kusanto da jirgi ga jama'a. Kafin zuwansa, maniyyaci yakan kama hanyar gabas a ƙasa, ta Borno da Chadi da Darfur har gaɓar Bahar Maliya, yana tafe yana ƙwadago don neman guzuri. Tafiyar kan ɗauki shekaru, wasu kuma su zaune a Sudan ba su sake ganin gida ba. Da jirgi ya fara jigilar alhazai daga Kano, daga baya kuma daga Sakkwato, sai tafiyar shekaru ta koma ta sa'o'i. Wannan ne ya sa jirgi ya sami daraja ta addini, har mata suka sa shi cikin waƙoƙinsu na begen zuwa Makka. Haɗarurruka biyu sun girgiza wannan ra'ayi amma ba su rushe shi ba. Na farko shi ne na 22 ga Janairu, 1973, inda jirgin alhazai ya faɗi a Kano, mutum 176 suka rasu. Na biyu ya fi taɓa wannan yanki: ranar 11 ga Yuli, 1991, jirgin da ya taso daga Jidda zuwa Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan bayan tashinsa, dukkan mutum 261 da ke ciki suka rasu. A lokacin Anka da Gummi da Bukkuyum suna cikin Jihar Sakkwato, don sai ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. A ganin mai wannan bincike, abin da ya hana jama'a ƙyamar jirgi shi ne yadda suke ɗaukar mutuwa a hanyar hajji a matsayin kyakkyawan ƙarshe.

Sauyi na gaskiya ya zo ne da zinariya da kuma ta'addancin 'yan bindiga. Tun 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da Yargalma, duniya ta san akwai zinariya a ƙasar Anka da Bukkuyum. Daga nan magana ta bazu a kasuwanni cewa jirage masu saukar ungulu na sauka cikin daji, su kawo makamai su kwashi zinariya. Wannan jita-jita ce, amma gwamnati da kanta ta ƙara mata nauyi, domin a watan Afrilun 2019 ta hana haƙar ma'adinai a jihar, sannan ranar 2 ga Maris, 2021, kwanaki kaɗan bayan sace ɗaliban Jangebe, ta haramta shawagin jirage a sararin samaniyar Zamfara.

Jiragen yaƙi kuwa sun raba kan jama'a. Wanda aka kora daga gonarsa yana murna in ya ji ƙararsu, yana kuma ƙorafin ba sa zuwa a kan lokaci. Amma a watan Afrilun 2019 Majalisar Sarakunan Jihar, wadda Sarkin Zamfaran Anka ke shugabanta, ta koka cewa hare-haren sama na faɗawa kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Rundunar sojan sama ta musanta zargin. Akwai kuma tsoron ramuwa. Daga 4 zuwa 6 ga Janairu, 2022, bayan jirage sun yi luguden wuta a dajin Gusami, 'yan bindiga suka far wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin kuwa suka ce adadin ya kai 200.